Lemun Marayun Shagari

Ranar wata Litinin ce a ƙarshen watan Janairu, da hantsi, a ɗakin da muke shirya labarai a gidan rediyon lardi a Sakkwato. Mu biyu ne a ciki, ni da Malam Isa mai kula da na'ura, sai masinja ya leƙo ya ce ga wani manomi daga Bodinga yana neman mutumin da ke magana a shirin manoma. Ni ne mutumin. Daga nan tafiyar ta faro. Tun da na komo, abokan aiki da na unguwa ke tambayata yadda ta kasance, wasu don sun ga na dawo da damtse a kumbure, wasu don sun ji an ce na je har Kajiji neman lemu. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Sunan manomin Ummaru. Dogo ne, fuskarsa da zanzana, tafin hannunsa duk kanta saboda jan jigon ban ruwa. Bai zauna a kujerar da na nuna masa ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, muka gaisa, ya ce, "Kai na mai magana cikin akwati?"

Na ce ni ne.

"Na aza tsoho na." Ya zaro lemu guda daga aljihu ya ajiye tsakaninmu. "To ga abin da yak kawo ni."

Ummaru ba shi da fadama ta gado. Wadda yake nomawa aro ce daga mai garinsu, kuma bisa sharaɗi aka ba shi. Baturen gona yana son a gwada lambun lemu a ƙasar Bodinga, mai gari yana son Bature ya ga ya yi ƙoƙari, Ummaru kuwa yana son inda zai dasa albasa. Sai aka raba: rabin fadamar lemu, rabi albasa. Da albasar yake ciyar da iyalinsa. An ba shi dashen lemu aurarre daga lambun gwamnati. Ga wanda bai sani ba, aure a wurin masu lambu shi ne a fere ido, wato ɗan kumburin da tsiro ke fitowa, daga reshen itace mai 'ya'ya masu daɗi, a tsaga ɓawon wani mai ƙarfin saiwa a cusa, a ɗaure. Na ƙasan shi ake kira uwa. Sanyin shekarar, da busasshiyar iskar da ta zo da shi, ya kwanta a fadamar ya ƙone duk abin da ke saman ɗaurin.

"Uwayen na nan da rai," in ji Ummaru. "Ɗiyan sun mutu."

Mai gari ya riga ya gaya masa cewa Bature zai dawo rangadi kafin zafi ya kankama. In ya tarar da busassun sanduna, za a karɓe fadamar gaba ɗaya, har wajen albasar, a ba wani.

Lemun da ya kawo ba irin wanda na sani ba ne. Ɓawonsa siriri, launinsa ya fi na lemun tsami ja, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Muka yanka, Malam Isa ya lasa ya ce tsamin bai kai a yamutsa fuska ba. Wani mai jakai ne ya kawo shi kasuwar Bodinga daga Shagari, ya ce daga gidan wani da ake kira Mamman Kuza yake, kuma itacen yana nan shar da ganye, ko ɗaya sanyin bai taɓa ba. Na kai sauran ɓarin wa mataimakin Baturen gona. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce ruwa biyu ne tsakanin lemun tsami da na zaƙi, asalinsa daga ƙasar Sin, kuma yana jure sanyi fiye da sauran. Ya ƙara da cewa kada mu ɓata lokaci da ƙwayarsa, ba ta maido da shi. Sai dai reshe. Ni kuwa na koyi aure a lambun makaranta a Zariya, garinmu. Shugabana ya ce in je, in dawo da abin da zan gaya wa manoma.

Motar gyaɗa ce ta kai mu Bodinga, ni da Ummaru da kekena a saman buhuna. Direban ya tsaya a hanya ya sauke kowa don a tura, ya kuma tsaya don a zuba ruwa a injin, sannan ya tsaya don yana da magana da wani mahauci. Ba wanda ya yi gunaguni. A Zariya da tuni an zage shi tas. A nan sai wani dattijo ya ce, "Direba, in ka ƙare muna nan," kowa ya yi dariya.

Kafin in sha ruwa Ummaru ya kai ni lambun. Layi-layi na sanduna baƙaƙe, kowanne da ragowar zaren ɗauri. Na kankare ɓawon ƙasa da farce, kore ne, da danshi. Ya ci gaba da ba su ruwa ko da suka mutu, shi ya sa ɓawon ke ɗagowa da sauƙi. Wato in an sami ido mai rai, za su karɓa. A ɗaya gefen kuwa fangalin albasa ne, kore shar, matarsa da 'ya'yansa mata suna cire ciyawa. Ba su ɗago ba sai da muka wuce.

A zaurensa na kwana. An kawo mini hoce, wani gasasshen abinci na garin dawa wanda ban taɓa ci ba, mai tauri, da miyar kuka. Da rana kuma fura. A wurinmu fura abin ratse ce kafin tuwo ya iso. A nan ita ce abincin, in ka sha ka jira wani abu ya biyo baya, za ka jira har magariba. Maƙwabta suka taru ganin mai magana cikin akwati. Wani ya ce in yi musu Hausar rediyo su ji. Na ce, "Jama'a masu saurare, assalamu alaikum." Suka fashe da dariya, wani ya ce, "Aradu shi na! Amma cikin akwati ya hi ƙiba."

Da gari ya waye muka kama hanyar Shagari, shi a kan jaki, ni a kan keke. Ba mu yi nisa ba tsidau ya huda mini taya. Na liƙe, ya sake hudawa. Daga ƙarshe keken ya hau jaki, mu biyu muka taka.

A wani ƙafaffen rafi, wanda mutanen wurin suka ce nan ƙasar Bodinga ta ƙare, muka tarar da shinge. An ce agana, cutar da ke barin zanzana, ta ɓulla a kudu, don haka an ajiye malamin lamba da ɗan doka, ba mai wucewa sai an tsaga masa damtse. Mata da tallan nono sun ajiye ƙwarya suna jira, wasu kuma mun hango su suna zagayawa ta cikin gonaki. Malamin ya dubi fuskar Ummaru ya ce ya wuce, agana ta riga ta gama da shi. Ni kuwa na ce ina da lamba tun ina makaranta.

Ya tsaya da aska a hannu. "Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.

"Muryarga na san ta. Ba kai na kac ce kowa shi tsaya a yi mishi ba, babba da yaro, ko an taɓa yi mishi?"

"Ni ne."

"To miƙo hannu, Malam."

Na tuɓe riga cikin sanyin nan, masu nono suna kallo, ya tsaga. Wannan shi ne asalin kumburin da kuka gani.

Mun shiga Shagari bayan la'asar. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, domin itacen ya fi katangar tsawo, kuma shi kaɗai ne kore a unguwar. Wani reshensa ya tsallako katanga ya sunkuyo kan lungu, da 'ya'ya a jiki. Ummaru ya tsaya a ƙarƙashinsa yana kallo. Amma a ƙofar gidan akwai tabarmi a shimfiɗe da buta, irin shimfiɗar da kowa ya san ma'anarta.

Mamman Kuza ya rasu kwanaki kaɗan kafin zuwanmu. Tari ne, wanda ya daɗe da shi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana, da kuma babban ɗa daga matarsa ta fari wadda ta riga shi. Wansa, wani dattijo mai suna Altine, shi ke zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, shi ne kuma ke riƙe da gidan har a raba gado.

Muka yi ta'aziyya. Gaisuwar mutanen nan doguwa ce, sai an tambayi gida, da sanyi, da gajiya, da hanya, a koma kan gida. Ya sa aka kawo ruwa, ya ce baƙon mamaci baƙonsa ne, a zaurensa za mu sauka. Sai da muka yi sallar magariba Ummaru ya faɗi abin da ya kawo mu, daga farko har ƙarshe, har zancen fadama.

Baba Altine ya saurara kansa a ƙasa. Da aka gama ya ce, "Da shina da rai, da ya sare muku da hannunai. Amma yau iccenga ba nai na ba, ba kuma nau na ba. Na marayu na. Ba a raba ba."

Na ce, "Baba, 'yan rassa ne ƙanana, kaurin fensir. Itacen ba zai ji ba."

"Iccen ba ya ji. Ni za a tambaya."

Na ce to mu saya.

"In sayar da abin wa? In ba wa kuɗin? Malam, abin maraya garwashi na. Ƙarami ma ƙuna shikai." Ya nuna wajen lungu. "Abin da yaf faɗi bisa hanya na mai wucewa na. Ku tsinta iya son ranku. Ai iri na ciki."

Na yi masa bayanin cewa ƙwayar wannan lemu ba ta haifar irinsa. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda karatu ya yi wa yawa. "Gero ka haihuwar gero," ya ce. Na ce wannan ruwa biyu ne, ƙwayarsa takan koma wajen kakanni, ta fito da ƙaya da tsami. Sannan ya ce lallai mutane da yawa a garin sun shuka ƙwayar, abin da ya fito musu sai dai a yi shinge da shi, suka ce hannun Mamman ne ke da sa'a. Duk shekarun nan ba wanda ya roƙe shi reshe. Iri suka sani, iri suka roƙa.

Daga bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida wata murya ta ce, "Yaya, shi dai bai taɓa hana kowa ba." Matar mamacin ce, tana takaba, ba mu ga fuskarta ba.

"Na sani, Hajo. Shi yana da ikon badawa. Ni ba ni da shi." Ya juyo gare mu. "Malamai na tahe rabo cikin kwanakinga. In iccen ya faɗa cikin tumuninta, nata na, ta ba wanda taka so. Ku yi haƙuri ku jira."

Tumuni shi ne kason matar da mijinta ya mutu ya bar 'ya'ya. Muka ce za mu jira.

Washegari ranar kasuwa ce. Bayan azahar unguwar ta zama ba kowa, Baba Altine ma ya tafi sayen goron sadaka. Ummaru ya karɓi wuƙar aurena ya ce zai wasa ta. Na fito daga zaure na same shi a lungu, ƙarƙashin reshen nan, wuƙar a buɗe a hannunsa. Reshen bai fi ƙarfin hannunsa ba. Daga inda nake ina ganin irin rassan da muke nema, masu santsi, idanunsu a cike. Da ya yanki cikin tafin hannu guda, sun ishi lambunsa duka, kuma da mun kwana a Bodinga. Ban ce masa yanka ba, ban ce kada ya yanka ba.

Ya ɗaga hannun hagu ya kama reshen, ya sunkuyo da shi har ganyen ya taɓa fuskarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya sake shi a hankali don kada wani lemu ya faɗo, ya naɗe wuƙar, ya miƙo mini.

Muna komawa zaure ya ce, "Malam, ka san mi yas sa nika noman aro?"

Na ce ban sani ba.

"Ubana na da fadama. Ya rasu ina ƙarami. Baffanmu yar riƙe muna ita. Shekarar farko fangali guda yaɗ ɗauka, yac ce ara shikai, ai ba mu ji." Ya gyara zama. "Ba mu ji ba kuwa. Sai da munka girma."



Da yamma Baba Altine ya tuna cewa akwai mutum guda da ƙaninsa ya taɓa bai wa dashe, wani Sambo a ƙasar Kajiji, wanda suka je aikin kuza tare. In itacen Sambo yana nan, mai shi yana da rai, ba sai an jira kowa ba. Maimakon mu zauna muna kallon katanga, muka bar keken a zaure muka kama hanya.

Hanyar Kajiji burtali ce, shanu suka fi mutane bin ta. A nan hannuna ya fara zafi, zazzaɓi ya biyo. Ummaru ya ɗora ni kan jaki. Jakin ya ga rijiya ya nufe ta da ni a guje, na faɗo cikin kashin shanu, wasu makiyaya suka taso suka ɗaga ni suna ta sannu, suna ta ƙoƙarin danne dariya. Mun ɓata hanya sau da yawa, domin a can duk wanda ka tambaya zai ce maka, "Ga shi nan kusa," ya nuna da leɓe. A Zariya in an ce kusa, kana iya hango wurin.

Sambo mutum ne ƙanƙane, yana numfashi da ƙyar kamar mai hawan tudu. Ya sauke mu a bukkar da ke kusa da maruƙa, ya ce ta fi ɗumi, kuma gaskiyarsa. Matarsa ta kawo nono mai kauri da fura a ƙwarya guda, da ludayi guda, ana sha ana miƙa wa na kusa. Da ya ji Mamman ya rasu, sai ya rufe fuska da hannun riga. Labarin bai iso masa ba sai a bakinmu.

Ya kai mu bayan gida ya nuna mana wani rami mai zagayen ƙaya da ta ruɓe. Nan lemunsa yake a da. Wata shekara da ciyawa ta ƙare da wuri, shanu suka karya shingen suka cinye shi har ɓawo. Ummaru ya tsuguna ya tona ƙasar da yatsa, ko saiwa ta rage. Babu.

A bakin ramin nan Sambo ya ba mu asalin itacen. Lokacin yaƙin Turawa aka ce kowane gari ya ba da mutane don haƙar kuza a kan dutsen Jos. Shi da Mamman suna cikin waɗanda aka ɗiba. Suka taka har inda jirgin ƙasa yake, aka loda su.

"Ba wanda yag gaya muna akwai sanyi awa wancan cikin duniya," in ji shi. "Riga guda munka tai da ita. Kana cikin ruwa hag gwiwa kana ɗibar laka, ruwa na zuba bisa, iska na busowa. Da dare mu kwanta jikin juna. Da sahe a taɓa na kusa da kai, a ce tashi, ba ya tashi. Mutanenmu na nan ƙasa sun hi kowa mutuwa, ba mu san shi ba."

Mamman ya tsira ne don wani Bature yana neman wanda ya iya ban ruwa, aka fitar da shi daga rami aka kai shi lambun gidan. A lambun akwai lemun nan. Sanyin da ke kashe mutane a bariki bai ko sa ganyensa ya naɗe ba. Ranar da aka sa shi rage rassa, ya soke guda a gwangwanin yashi ya ɓoye bayan ɗakin girki, ya yi saiwa. Da aka sallame su, ya rungumo gwangwanin a jirgi, yana raba ruwan shansa da shi.

"Nac ce mishi, Mamman, mutane na komawa gida da bargo, kai kana komawa da icce? Yac ce, Sambo, in mun ce musu ga abin da munka gani, ba su yarda. Amma ga wanda yaz zauna can, shi bai mutu ba." Ya yi tari mai tsawo. "Tarin ma can munka samo shi, mu biyu."

Na tambaye shi daga ina Baturen ya samo itacen. Ya ce kukun gidan ya ce a jirgin ruwa aka kawo shi cikin akwati, daga wata ƙasa ta kudu, bai san sunanta ba. Iyakar abin da na iya bibiya ke nan: daga Sin, in maganar mataimakin Baturen gona ta tabbata, zuwa wata ƙasa da ba a san sunanta ba, zuwa dutsen Jos, zuwa gwangwani, zuwa Shagari.

Zazzaɓina ya tsare mu a Kajiji fiye da yadda muka shirya. Ummaru bai nuna gaggawa ba, amma kullum da safe nakan gan shi tsaye yana duban hanya.

Da muka komo Shagari, tun daga bakin unguwa na ga sararin sama a inda ya kamata in ga kore. Ummaru ya saki igiyar jaki ya yi gaba.

Malamai sun zo bayan tafiyarmu. Babban ɗan ya nemi a fitar masa da kasonsa na gidan ya kewaye, matar da ƙananan su zauna a ɗaya ɓangaren. Aka ja igiya daga zaure zuwa katangar baya, igiyar ta bi ta kan gindin lemun. Malamai suka ce ba a barin itace guda tsakanin gida biyu, yau 'ya'ya sun faɗa nan, gobe inuwa ta faɗa can, husuma ce ake dasa wa yara. Ba a karkata igiya kuma don itace, sai a tauye wani. Aka ƙiyasta shi a matsayin makamashi, aka sare, aka raba itacen. Kwana biyu ke nan kafin dawowarmu. An tara kara a kan kututturen an cinna wuta don kada ya tofo ya tsaga sabuwar katanga. Muna tsaye yana hayaƙi.

Ƙananan rassan an watsar a lungu. Awaki sun gama da ganyen, rana ta gama da sauran. Na ɗauki guda na lanƙwasa, ya karye ƙas.

Baba Altine ya fito, ya gan mu, ya rage tafiya. "Na hwaɗa musu akwai baƙi da ka jiran reshe. Sunka ce rabo ba ya jiran baƙo." Ya dubi rassan. "Yanzu kam ba na kowa na ba. Ku ɗiba duka."

Ummaru ya ce, "Mun gode, Baba. Allah shi raya marayu." Muryarsa ba ta canza ba.

Muna ɗaure kaya sai aka turo wani ƙunshi ta ƙarƙashin zana. Muryar Hajo ta ce, "Cikin kasona na. Na aje muku gindin randa." Tsumma ne jiƙaƙƙe, da sanyi. Na kwance. Ta zaɓo mana manyan rassa, masu kauri kamar ƙotar fartanya, don a ganinta ba a bai wa baƙo ƙanana. Tsohon itace ne, idanunsa sun daɗe da rufewa, ba a aure da shi. Amma a jikin ɗaya akwai wani siririn tsiro da ba ta kula ta cire ba, tsawon yatsa, da 'yan idanu a kansa.

Ummaru ya tambaye ni da ido. Na nuna masa tsiron. Ya ɗaga murya ya yi mata godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa wanda ya ba da doki.

Ba mu tsaya kwana ba. A kowace rijiya muka jiƙa tsumman. A shinge malamin lamba ya duba damtsena ya ce ta kama da kyau, ya tambaya ko mun sami abin da muka je nema. Ummaru ya ce, "Mun samu kaɗan." Da muka isa Bodinga, kai tsaye lambu muka wuce. Na fere idanun da ke jikin tsiron, duka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, na ɗaura su a kan uwayen da suka fi ƙarfi. Manyan rassan ma muka soke su a yashi mai danshi, don kada a ce ba a gwada ba. Matarsa ta tsaya daga gefen albasa tana kallon sauran layukan da ba mu taɓa ba. 

Na koma Sakkwato na yi shirina. Na gaya wa manoma yadda ake aure, da dalilin da ya sa ƙwayar lemu mai ruwa biyu ba ta maido da shi, na kuma ce wanda ke da itace mai kyau ya ba da reshe tun yana da ikon bayarwa.

Manyan rassan sun bushe. Cikin idanun, guda ɗaya ya kama. Bature ya zo rangadi, ya tsaya a bakin lambun bai sauka daga doki ba. Mai gari ya ce itace guda ba lambu ba ne. Aka bar Ummaru ya cire albasarsa, sannan aka ba wani fadamar, wanda ya tumɓuke uwayen ya ja fangali a wurin.

Kafin a tumɓuke, Ummaru ya haƙo wanda ya kama da ƙasarsa, ya dasa a bayan ɗakinsa, ya kewaye da ƙaya. Sannan ya kira limamin unguwa da maƙwabta, ya ce su shaida: lemun nan sadaka ce, ba ya cikin gadonsa, duk wanda ya zo neman reshe a yanka masa, ko yana nan ko ba ya nan, ko yana da rai ko ya mutu. Liman ya ce ba a taɓa kiransa shaida a kan abin da bai kai kamu guda ba, amma ya shaida.

Na bi ta Bodinga bayan damina. Lemun ya kai ƙugu, matar Ummaru ke ba shi ruwan wanke-wanke. Shi kuwa ya tafi cin rani Gusau, yana dakon gyaɗa a tashar jirgi.